Wa Zai Iya Ci? Jawabi a Kan Awon 'Yan Takara a Zaɓen Fid da Gwani





An nemi mu yi magana yau a kan wata tambaya da ba ta cikin manhaja, amma tun da aka soma kaɗa gangar 2027 ba a wuni ba a yi ta ba. Ana yin ta a ofishin malamai lokacin tara, ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a cikin mota tsakanin Lafani da Illela har direba ya tsoma baki. Tambayar ita ce: a cikin masu neman tikitin jam'iyya kaza, wa zai iya ci? Ƙungiyarmu ba jam'iyya ba ce, kuma a zauren nan akwai mai ra'ayin kowane ɓangare, saboda haka ba za mu ambaci kowa daga cikin masu shirin fitowa ba. Za mu duba abin da ya riga ya wuce, wanda alƙalumansa suke a rubuce, mu ga yadda magabata suka auna 'yan takararsu, da inda awon ya yi daidai, da inda ya tauye.

Bari mu fara da na gida, kuma ɗan sana'armu. Alhaji Shehu Shagari ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya shugabanci makarantar firamare a Argungu, kafin siyasa ta ɗauke shi. A watan Disamba na 1978 jam'iyyar NPN ta taru a Legas domin fid da ɗan takara, bayan ta keɓe kujerar ga Arewa. Mutum shida suka tsaya. A zagayen farko Shagari ya sami ƙuri'a 978, Alhaji Maitama Sule ya sami 564, Malam Adamu Ciroma ya sami 293, ragowar suka rabu tsakanin Olusola Saraki da Joseph Tarka da Iya Abubakar. Shagari bai kai rabi ba, don haka ya kamata a sake zagaye, sai waɗanda ke biye da shi suka janye masa. In da fasahar harshe ake aunawa, babu mai ja da Ɗanmasanin Kano. In da kaifin alƙalami ne, Ciroma ya yi editan jaridar New Nigerian ya kuma yi gwamnan Babban Banki. Abin da wakilai suka gani a wurin Shagari shi ne mutum mai sanyin hali wanda ƙananan ƙabilun Kudu da na tsakiyar ƙasa ba sa jin tsoronsa, kuma wanda abokan takararsa za su iya yi wa aiki ba tare da ƙullaci ba.

Zaɓen watan Agusta na 1979 ya gaskata wannan awo, amma da ƙyar. Shagari ya ci Ribas da Kuros Riba da Binuwai, jihohin da ba yarensa suke ji ba. Ya sami ƙuri'a miliyan 5 da dubu 688, Cif Awolowo ya sami miliyan 4 da dubu 916. Sai dai tsarin mulki bai tsaya ga yawan ƙuri'a ba, ya ce sai mutum ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya yi kaka-gida, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Daga nan aka shiga shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerar a watan Satumba. Malaman lissafi da ke cikinmu, ga misali na kyauta ranar da kuka zo darasin ɓangarorin lamba a aji shida.

Wannan sharaɗi yana nan har yau a sashe na 134 na tsarin mulkin 1999, kuma yanzu jihohi 24 ake bukata cikin 36. Shi ne ma'auni na farko, kuma shi ne wanda masu muhawara a teburin shayi suka fi mantawa. Cika filin taro a Sakkwato ko Kano bai nuna mutum zai sami kashi ɗaya cikin huɗu a Ebonyi ko Ondo ba. Janar Muhammadu Buhari ya tara ƙuri'a fiye da miliyan 12 a 2011 ƙarƙashin CPC, ya ci jihohi 12, dukansu a Arewa, ya kuma faɗi. Mutane da yawa suka yanke hukunci cewa wanda ya faɗi sau uku ba zai taɓa ci ba. Da aka haɗa CPC da ACN da ANPP aka kafa APC a 2013, sai wakilai a Legas suka ba shi ƙuri'a 3,430 a Disamba 2014, Kwankwaso ya sami 974, Atiku 954. Mutumin bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne ƙasar Yarbawa ta shigo cikin lissafinsa, kuma waɗanda ya kayar suka tsaya suka yi masa yaƙin neman zaɓe.

Yanzu mu zo ga daren da kowa a jihar nan yake tunawa, daren 28 ga Mayu, 2022, a filin wasa na ƙasa da ke Abuja. Da yawa daga cikinmu mun kwana da rediyo a kunne, domin gwamnanmu na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, yana cikin masu neman tikitin PDP. Kowane ɗan takara yana da hujjarsa ta cewa shi ne zai iya ci. Magoya bayan Atiku Abubakar suna cewa ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, an san sunansa a kowace rumfa, ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 11 a 2019, kuma tun da Buhari zai sauka, ƙuri'un Arewa sun zama na mai rabo. Magoya bayan Nyesom Wike, gwamnan Ribas, suna cewa ɗan Arewa ya yi shekara takwas, adalci ya ce mulki ya koma Kudu, kuma shi ne ya riƙe jam'iyyar lokacin da wasu suka fice daga cikinta. Masu goyon bayan Tambuwal suna cewa ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, yana da abokai a kowace shiyya, kuma ya fito daga Arewa maso Yamma inda masu rajista suka fi yawa. Gab da fara jefa ƙuri'a sai Tambuwal ya sake hawa mumbari ya ce ya janye, ya roƙi wakilansa su zaɓi Atiku. Da aka ƙirga, Atiku ya sami 371, Wike 237, Bukola Saraki 70.

A cikin zauren lissafin ya fita tsaf. A wajen zauren kuwa akwai wani lissafi da ba a yi ba. Tun a watan Maris Kwankwaso ya bar PDP ya koma NNPP. Kwana uku kafin taron, Peter Obi, wanda shi ne ya tsaya wa Atiku mataimaki a 2019, ya ajiye katin jam'iyya ya nufi Labour. Wike kuma, wanda shi ne ya mara wa Tambuwal baya a taron Fatakwal na 2018 inda ya zo na biyu da ƙuri'a 693, ya ɗauki abin da ya faru a matsayin cin amana. Da aka tsallake shi aka ɗauki Ifeanyi Okowa mataimaki, aka kuma ƙi sauke shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu, sai ya ja gwamnoni huɗu, na Oyo da Binuwai da Abiya da Inugu, suka naɗe hannu. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, babu ko ɗaya daga cikin jihohin nan biyar da Atiku ya ci. Sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana shi ne Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Ku haɗa na ukun ƙarshe, waɗanda shekara guda kafin nan suna ƙarƙashin lema ɗaya, za ku sami fiye da miliyan 14 da rabi. Ba mu ce duk wanda ya zaɓi Obi zai zaɓi Atiku ba, domin ƙuri'a ba buhun gero ba ce da za a ɗauke daga wannan rumbu a zuba a wancan. Amma ratar da ta raba na ɗaya da na biyu ba ta kai miliyan biyu ba, kuma abin da ya zube a ƙofar taron fid da gwani ya ninka haka.

A ganinmu wakilan PDP ba su yi kuskure wajen auna farin jinin Atiku a Arewa ba, domin ya ci Katsina, jihar shugaba mai ci, ya ci Kaduna da Kabi da Yobe, ya ci Sakkwato ko da yake da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba. Kuskurensu shi ne sun auna wanda zai ci, ba su auna waɗanda za su sha kaye ba, ina za su nufa, da mutum nawa za su tafi.

Kwana goma bayan haka APC ta yi nata taron a dandalin Eagle, ta bi wata hanya dabam. Gwamnoninta na Arewa sun fito fili sun ce mulki ya koma Kudu, sun ƙi amincewa da aka ce an tsayar da Ahmad Lawan ta hanyar maslaha. Mutum bakwai suka janye wa Bola Tinubu, ya sami ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. An ce shekarunsa sun ja, an ce Musulmi da Musulmi ba za su ci a Najeriya ba. Ya faɗi a Legas, jihar da ya mulka, ya faɗi a Kano, amma inda bai zo na ɗaya ba yakan zo na biyu, ya wuce sharaɗin jihohi 24, ya hau da kashi 36 da ɗoriya cikin ɗari. Fiye da rabin ƙuri'unsa daga Arewa suka fito.

Akwai abin da ya kamata ya dame mu a tarukan nan biyu. Saboda yadda sashe na 84 na dokar zaɓe ta 2022 ya fito, zaɓaɓɓun wakilai kaɗai suka jefa ƙuri'a. PDP ta ɗauki daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC ta ɗauki uku. Wato mutum ɗaya ne ya ɗauki muryar Illela gaba ɗaya, da Lafani a cikinta, ya kai Abuja a wancan dare. Kuɗin takardar tsayawa takara kuwa naira miliyan 40 ne a PDP, miliyan 100 a APC. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira dubu 30 ne. Mai karɓar wannan albashi, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 277 kafin ya sayi takardar APC. Idan aka ce wane ne zai iya ci, sau da yawa abin da ake nufi shi ne wane ne zai iya ɗaukar nauyin zauren, kuma an gama tace mana 'yan takara tun kafin a buɗe akwati a harabar makarantunmu.

Mu kuwa mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin nauyin sa hannun shugaban ƙasa. An rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024, alhali Birnin Ƙonni ga ta nan, 'yan uwa da surukai a kowane ɓangare. Duk lokacin da kasuwa ta mutu, rajistar ajinmu ce take fara nunawa: uba ya rasa ciniki, yaro ya bar aji ya bi tallan ruwa ko kiwo. Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya shiga kuɗin mashin da malama ke hawa zuwa makarantar ƙauye tun kafin ya shiga albashinta. A ɗaya hannun, shugaban ƙasa ne ya sa hannu a dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 da ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin farko, shi ne kuma ya sa hannu a dokar 2022 da ta kai ritayar malami zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, a kan kuɗin ƙananan hukumomi ya taɓa asusun da ake biyan malamin firamare daga cikinsa, kuma yadda za a aiwatar da shi yana hannun waɗanda za a zaɓa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan al'amura da muka ji an auna ɗan takara da shi a tarukan 2022.

Don haka idan muhawarar ta sake tashi a ofishin malamai, kada mu bar ta a kan wa ya fi cika fili. Mu nemi mai magana ya lissafa mana jihohi 24 da gwaninsa zai sami kashi ɗaya cikin huɗu, da sunayensu. Mu tambaye shi waɗanda gwanin nasa zai kayar, wa zai zauna, wa zai fita. Sa'an nan mu ɗora tamu tambayar, wadda ba wanda zai yi mana ita: in ya ci, me ya taɓa yi wa makarantar firamare a inda ya riƙe mulki, kuma me ya ce game da iyaka?

Ko da wakilai jam'iyyu za su yi amfani a wannan karo, ko da ƙato bayan ƙato, ko da maslaha, masu faɗa a ji na mazaɓunmu ba baƙi ba ne. Wasu ɗalibanmu ne na jiya, wasu 'ya'yansu suna zaune a gabanmu kowace safiya. Muna ba shugabannin reshe shawara su rubuta tambayoyin nan a takarda guda, da Hausa, a miƙa wa shugabannin kowace jam'iyya na ƙaramar hukuma ba tare da fifita wata ba, kuma a karanta amsar da aka samu a taronmu na gaba. Wanda katin zaɓensa ya ɓace ko ya sauya wurin aiki, ya ga sakatare kafin a watse.