Mutuwa da Lahira a Tunanin Bahaushe



GABATARWA

Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi jayayya da wannan magana ba. Amma yarda da cewa za a mutu daban take da abin da kowane mutum ya ƙudurta a ransa game da ita kanta mutuwar da abin da ke bayanta. A gidan makoki guda ana iya samun malami a zaure yana tunanin tambayar kabari, da tsohuwa a cikin gida tana zargin cewa kama kurwar mamacin aka yi, da kuma ɗalibin likitanci a ƙofar gida yana lissafin cutar da ta tsai da zuciyarsa. Dukkansu za su shafa fatiha tare, su ce Allah ya jiƙan rai, alhali kuwa kowa da hoton da ke cikin zuciyarsa.

Wannan lacca za ta bi sawun waɗannan hotuna, ta nuna inda suka samo asali, sa'an nan ta tsaya a kan tambaya ɗaya: da me ake gane abin da mutum ya gaskata game da lahira?

ABIN DA HARSHE YA ADANA

Wanda yake son sanin tunanin wata al'umma, sai ya fara sauraren kalmominta. Bahaushe ba ya son ya ce mutumin kirki ya mutu. Akuya ce take mutuwa, ko fitila, ko aure, ko kasuwa. Mutum kuwa rasuwa yake yi, ko a ce ya cika, ko ya kwanta dama, ko rai ya yi halinsa, ko Allah ya karɓi abinsa, ko ya riga mu gidan gaskiya. Idan babban malami ne sai a ce ya yi wafati. Idan kuwa jariri ne sai a ce ya koma. Kusan duk waɗannan kalmomi suna ɗauke da ma'anar tafiya, ko mai da aro ga mai shi. Rai baƙon duniya ne, in ji masu iya magana, baƙo kuwa komai daɗewarsa yana da garinsu.

Akwai kuma wani abin lura. Kalmomin da suka shafi jiki da rashi, kamar gawa da kushewa da makoki, na Hausa ne tsantsa. Amma da zarar an ƙetare bakin kushewa sai harshe ya juya zuwa Larabci: lahira, barzahu, ƙiyama, hisabi, mizani, siraɗi, aljanna. Wannan yana nuna cewa Bahaushe ya san zafin rashi tun fil azal, amma cikakken bayanin abin da ke bayan mutuwa ya zo masa ne tare da Musulunci, wanda littafin Tarihin Kano ya danganta shigarsa birnin da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385.

TSOHON TUNANI

Kafin wannan lokaci, da ma bayansa a tsakanin Maguzawa, hankalin addinin gargajiya ya fi karkata ga rayuwar duniya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano kuma ya buga littafinsa a kansu a 1946, ya nuna cewa iskoki ne ginshiƙin bautarsu. Yankan da ake yi wa iskoki kuwa na neman lafiya ne da haihuwa da damina mai albarka.

Duk da haka, tsohon tunani ya bar gado iri uku waɗanda har yau ba su gushe ba. Na farko shi ne kurwa. Ita kurwa, a wannan fahimta, tana iya barin jiki alhali mutum yana da rai, shi ya sa ake cewa maye yana kama ta ya ɓoye, mai ita ya yi ta ramewa har sai an tilasta wa mayen ya tsallake shi. Na biyu shi ne fatalwa, watau mamacin da ake zaton bai sami kwanciya ba, yana dawowa yana firgita masu rai. Na uku shi ne wabi. Idan 'ya'yan mace suna mutuwa tun suna jarirai, sai a ce ɗa guda ne yake zuwa yana komawa. Daga nan sunaye irin su Ajuji da Ayashe suka samo asali, domin a nuna wa ɗan ba a damu da shi ba, ko ya ji kunya ya zauna.

Bai kamata mai ilimi ya yi wa waɗannan tsofaffi dariya ba. Uwar da ta binne 'ya'ya huɗu tana bukatar bayanin da zai riƙe mata zuciya. Abin da ilimin likita ya ƙara shi ne cewa da yawa daga cikin waɗannan jarirai zazzaɓin cizon sauro ne yake ɗauke su, ko ƙyanda, ko gudawa, ko ciwon sikila da ake gada daga uwa da uba. Illar tsohon bayanin ita ce yakan ɗora laifin mutuwa a kan wani mai rai, galibi tsohuwa marar gata, a kira ta mayya, a raba ta da mutuncinta.

ABIN DA LITTATTAFAI SUKA KAWO

Musulunci ya zo da tsari bayyananne, daki-daki. Mala'ikan mutuwa zai karɓi rai idan ajali ya cika. Za a shiga barzahu, watau shamakin da ke tsakanin duniya da tashin ƙiyama, wanda aka ambata a aya ta 100 ta Suratul Muminun. Mala'iku biyu, Munkar da Nakir, za su yi tambaya a kabari game da Ubangiji da addini da Annabi. Daga sunan na biyun ne Hausawa suka sami Walakiri, wanda yara ke ji ana ambatonsa da kulki. Sa'an nan a busa ƙaho, a tashi, a yi hisabi, a auna ayyuka a mizani, a bi ta kan siraɗi, kowa ya nufi makomarsa. Game da hakikanin ruhi kuwa, aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta mai da saninsa ga Allah, ta kuma nuna ƙarancin ilimin ɗan Adam a kansa.

Almajirin zaure yana tarar da jigon wannan bayani a babin farko na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Idan ya yi nisa sai ya kai ga Tazkira ta Alƙurɗubi, da Sharhus Sudur na Assuyuɗi, malamin Misira wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Imam Algazali ma, wanda ya rasu a 1111, ya rufe Ihya'u Ulumiddin ne da littafi na 40, kan tuna mutuwa da abin da ke bayanta.

Amma talaka da matan kulle ba ta wannan hanya suka sami labarin ba. Ta waƙa suka same shi. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun gane cewa abin da aka rera ya fi zama a zuciya, saboda haka suka zuba bayanin kabari da wuta da aljanna cikin waƙoƙin wa'azi na ajami, irin su Baƙin Mari da Jan Mari. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙin tsoratarwa da na marsiyya, jajoji kuma suka riƙa kai karatunta ƙauyuka ga matan da ake kira 'Yan Taru. A ƙarni na 20 Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta ci gaba da wannan aiki, har ta zama abin da makafi ke rerawa a kasuwa da tasha. Ta haka hoton lahira ya shiga kunnen wanda bai taɓa riƙe allo ba.

Ko a nan ma zukata ba su zama ɗaya ba. Wani tsoro ya fi rinjayarsa, wani kuwa kwaɗayin rahama, malamai kuma suna cewa a haɗa biyun kamar fikafikan tsuntsu. Wasu suna ganin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in tana amfanin mamaci, wasu suna ganin ƙayyade mata ranaku bidi'a ne, kuma wannan muhawara ta ƙara zafi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Hausawa Kirista, irin na Wusasa, su ma sun gaskata tashin matattu da ranar shari'a, ko da yake hanyar tsira a wurinsu daban ce. Ɗan boko kuma ya zo da tasa tambayar: yaushe ne ma mutum yake mutuwa, tun da na'ura tana iya riƙe numfashi bayan ƙwaƙwalwa ta daina aiki? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a Amman a 1986, ta amince cewa tsayawar aikin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba, mutuwa ce. Sai dai iyakar likita ita ce ya faɗi lokacin da baƙo ya fita. Inda ya nufa ba ya cikin abin da na'urarsa ke aunawa.

TAMBAYAR BAKIN MAKARA

To, tun da zukata sun bambanta haka, kuma ba mai iya leƙa zuciyar wani, da me za a gane abin da mutum ya gaskata? Al'adar jana'iza ta ba da amsa. A garuruwa da yawa, bayan an yi wa mamaci wanka an sa masa likkafani, kafin a ɗauki makara ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya yi shela cewa duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya faɗa. Ba a tambayar yawan nafilarsa, domin wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Abin da ake tambaya shi ne haƙƙin mutane.

Wannan shela tana da tushe mai ƙarfi. A shari'a ba a raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi sallatar wani mamaci da ake bi bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Muslim kuma ya ruwaito cewa shahidi ana gafarta masa kome ban da bashi, kuma matsiyaci na gaskiya shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare.

A nan ne maganar ta iso ga ma'aikaci, da ɗalibin da gobe zai zama ma'aikaci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashi iri biyu ne. Wanda ya ci bashin maƙwabcinsa, magadansa sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Wanda kuwa ya ci kuɗin maganin asibiti, ko na ginin aji, ko ya danne takardun fanshon wani tsoho har ya rasu bai karɓa ba, wa magadansa za su je su biya? Masu binsa ba su san suna binsa ba, saboda haka ranar da aka yi shela ba wanda zai miƙe. Shirun da za a ji a wannan rana ba shaidar kuɓuta ba ne. Bayan yaƙin Haibara, a shekara ta 7 bayan Hijira, an kashe wani hadimi, mutane suka yi masa murnar shahada, sai Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda ke nan daga dukiyar jama'a.

Magabata sun fahimci wannan. Shehu Usmanu ya soki karɓar gaisuwa a Kitabul Farƙi, ya lissafa ta cikin halayen mulkin zalunci. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga son duniya ya fara shiga tsakanin jama'ar jihadi, sai ya bar su wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, har mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon amanar mulki. A zamanin baya-bayan nan kuma, Malam Aminu Kano ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya, amma da ya rasu a 1983 abin da aka fi tunawa da shi shi ne ƙarancin abin da ya bari. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yau cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

KAMMALAWA

Alhasali, tunanin Bahaushe game da mutuwa ya taru ne daga tsohuwar al'ada, da littattafan malamai, da waƙoƙin wa'azi, da ilimin zamani, kuma kowane mutum da irin rabon da ya ɗiba daga kowannensu. Ba za a taɓa tara zukata a kan hoto guda ba. Amma abin da mutum ya gaskata yana fitowa fili a inda ba mai ganinsa: a kan mudu, a kan sikeli, a kan fayil ɗin da ke jiran sa hannu, a kan takardar jarrabawar da ake dubawa da dare. Wanda ya tabbata akwai mizani a gaba, ba zai tauye na hannunsa ba. Hausawa sun ce ana bikin duniya ake na ƙiyama, kuma tebur ɗin ofis yana cikin wuraren da ake yin sa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa a cika da imani, ya kuma raba kowa da haƙƙin da ba zai iya biya ba.