Baƙon da ke neman garin kakansa

A zangon Kumasi da na Akara akwai jikokin Arawa da ba su san sunan ƙauyen kakansu ba. Abin da aka gaya musu kawai shi ne, "Mu mutanen Dogon Dutsi ne." Wasu kakannin yunwar 1931 ce ta kore su, wasu kuma sun guje wa aikin tilas na Turawan Faransa, wanda sai a 1946 aka soke shi.

Idan irin wannan baƙo ya sauka a tashar Dogon Dutsi, kada mu sallame shi da "ba mu sani ba". Mu tambaye shi zanen fuskar kakan, da kirarinsa, da sana'arsa, maƙeri ne ko mafarauci. Manoman wancan zamani ba su bar takardar haihuwa ba, amma dattawan Matankari da maroƙan Tibiri suna riƙe da sunayen gidaje a ka. A raka shi Lugu, garin Sarauniya, ko Bagaji, ko Allah zai sa wani ya gane kirarin.

Ku kuma masu tsoho a gida, ku zauna da shi yau, ku naɗi muryarsa a waya. Zumunta a ƙafa take.