Launin Gidan Mai: Wa Ke Da Shi A Gaban Doka?



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne matsayin launi a cikin tambarin kamfanonin mai, da irin kariyar da doka ta ba shi. Wani zai ce wannan ai damuwar lauyoyin Ikko ce. To, amma duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya san direba tun daga nesa ya ke zaɓen gidan man da zai tsaya, kafin idonsa ya iya rarrabe haruffan allo. Manomin Gagarawa ko na Sule Tankarkar da ya zo sayen baƙin mai don babur ko injin niƙa, in bai yi boko ba, launin galan ya ke dubawa. Watau launi shi ne rubutun da kowa ke iya karantawa. Saboda haka wanda ya kwaikwayi launin wani ya sayar da gurɓataccen mai, ya ci amanar mai saye, ya kuma ɓata sunan mai tambari.

Kamfanonin sun daɗe da gane wannan. Shell ta fara shafa ja da rawaya a gidajen manta na Kalifoniya tun wajen 1915, BP kuwa ta riƙi kore da rawaya. A nan Nijeriya launukan bakin titi sun sha canzawa tare da masu mallaka. Esso ta zama Unipetrol a 1976, daga baya ta koma Oando a 2003. Gwamnati ta ƙwace kadarorin BP a 1979, gidajen manta suka zama na African Petroleum, watau AP, wadda ita ma ta koma Forte Oil, sa'an nan Ardova. Kowane canji sai an kashe kuɗi masu yawa kafin jama'a su saba da sabon fenti, don haka ne ba su son wani ya ci moriyarsa a banza.

Me doka ta ce? Dokar Tambarin Ciniki ta 1965, a sashe na 16, ta yarda mai tambari ya taƙaita rajistarsa ga launi ɗaya ko fiye, kuma a yi la'akari da wannan wajen auna ko tambarin ya bambanta da na wasu. In kuwa an yi rajista ba tare da ambaton launi ba, sai a ɗauka ta shafi dukan launuka. Rajistar farko shekara 7 ta ke yi, daga nan a riƙa sabunta ta bayan kowace shekara 14. A 2023 aka sa hannu a kan dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta faɗaɗa ma'anar tambari har ya haɗa da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka. Ku lura, haɗin launuka aka ce. Launi guda tsurarsa kuwa, mallakarsa abu ne mai wuya ƙwarai, kuma labarin BP zai nuna mana dalili.

A Ailan ta Arewa BP ta yi rajistar wani irin kore da ta ke shafa wa jikin gidajen manta. Da kamfanin John Kelly ya shafa wa gidajensa masu suna TOP kore mai kama da shi, sai aka je kotu, kuma a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta ba BP gaskiya. Hujjarta ita ce mai tuƙi da gudu zai ga launi kafin ya ga suna, ya ratse yana zaton BP ce. Amma a Ostireliya reshe ya juye da mujiya. Kamfanin Woolworths ya ƙalubalance ta, kotun tarayya ta soke rajistar a 2006, ofishin rajista kuma ya sake ƙin buƙatarta a 2014. Dalili shi ne BP ba ta tabbatar da cewa kore shi kaɗai, ba tare da rawaya da sauran alamu ba, yana nuna wa jama'a ita ce ba.

Hikimar da ke ciki a fili ta ke. Launukan da ido ke rarrabewa daga nesa ba su da yawa, in aka raba su ga manyan kamfanoni, ɗan kasuwar Gumel da ya gina gidan mai ɗaya zai rasa fentin da zai shafa. Ai dogarai ja da kore su ke sawa, amma ba a hana talaka ɗinka koriyar riga ba. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ya haɗa shigar dogari cif, ya tsaya a ƙofar fada yana karɓar gaisuwa. Haka shari'a ta ke kallon lamarin, domin ko tambari ba shi da rajista, ana iya ƙarar wanda ya yi sojan gona da kamannin kayan wani, muddin an nuna jama'a na iya ruɗewa.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu ta Gumel musamman, watau iyaka. Ƙarfin rajista a kan iyakar ƙasa ya ke tsayawa. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI da aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, mai hedkwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a dukan ƙasashen ƙungiyar. Nijeriya ba ta ciki. Don haka tambarin da aka yi wa rajista a Abuja, da zarar galan ya wuce Maigatari ya nufi Damagaram, rajistar nan ba ta bi shi ba, sai in mai shi ya sake yin wata a can.

'Yan'uwana, a cikinku akwai lauyoyin gobe da masu gidajen man gobe. Shawarata ga mai kafa sana'a ita ce ya zaɓi haɗin launi da siffa nasa na kansa, ya yi masa rajista tun da wuri, a nan da kuma ƙetare in cinikinsa ya kai can, domin kayan aro ba ya ado. Mu kuwa da Allah ya ba ilmin karatu, in mun koma gida hutu, mu koya wa iyayenmu duba suna da hatimin murfi, kada su tsaya ga launi kawai.