Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin 'Yan Ƙwallon Hannu a Jami'a



Bari in fara da abin da idona ya gani. Saura mako 2 a tafi gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, a wata jami'a da ba sai na kama suna ba, aka tattaro yara bayan sallar asuba, aka ce kullum su zagaye filin ƙwallon ƙafa sau 20. Kafin kwana 4 rabinsu na ɗingishi, ɗakin kwanansu kuwa ba abin da ke tashi sai warin man zafi. Wai an shirya ke nan.

To, wane wasa aka shirya musu? Filin ƙwallon hannu mita 40 ne tsawo, 20 faɗi. Mutum 7 kowane ɓangare, minti 30 sau biyu, canji kuma ba iyaka. Babu mai gudun dogon zango a ciki. Ka zabura, ka ci burki, ka yi gogayya da ƙato a bakin layin mita 6, ka yi tsalle ka jefa, ka juyo gida da gudu. Atisayen da ya dace shi ne mai kama da wannan: tsere na mita 20, ɗan hutu, a sake, ƙwallo a hannu.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne saukowa. Kowa na koyar da tsalle, kaɗan ne ke koyar da dira. Yarinya ta diro a kan ƙafa ɗaya, gwiwa a miƙe ta karkata ciki, sai ka ji ƙas, jijiya ta tsinke. Shekara guda ta tafi, wani lokacin har da karatun. A Norway, a binciken da aka wallafa a 2005 kan matasa 1,837, atisayen share fage na minti 15 zuwa 20, mai koyar da dira, juyi da tsayuwa a ƙafa ɗaya, ya rage raunin gwiwa da idon sawu da kusan rabi. Su fa a kan daɓe mai laushi suke wasa. Mu a kan siminti muke, wanda ba ya yafiya.

Kafaɗa ma tana da haƙƙi. Ƙwallon maza ya kai giram 475, ana kuma jifa ba adadi. Tsohuwar robar tayar keke, a ɗaure a jikin ƙarfen raga a riƙa ja, ta wadatar. Ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

Sauran lissafi ne: zafin watan Afrilu, azumi, jarrabawa. A azumi a mayar da aiki mai nauyi bayan shan ruwa. Makon jarrabawa a rage, kada a tsaya cik.

Roƙona ga hukumar jami'a ɗaya ne: yammaci 3 a kowane mako, daga farkon zango, waɗanda ba za a sa lacca ko gwaji a cikinsu ba.