Allurar Daren Lodi: Jawabin Kwamitin Dabbobi a Bikin Cikar Shekara

 

Lokacin da aka ba mu kaɗan ne, don haka za mu tsaya kan abin da kowa a nan ya sani amma ba a cika faɗa ba. Sa ya yi laushi a karar Maigatari ko Illela, gobe lodi, sai a danna masa allurar teramaisin don ya isa Kudu da ransa. Kwana uku yana mahauta, maganin kuwa yana nan cikin namansa. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin jira kafin yanka ko tatsa, na wasu allurai ya kai mako uku. Mu nawa ke karantawa?

A da ba mai ganewa sai matan da ke ɗaura kindirmo, domin madarar da ke da magani ba ta kamawa. Yanzu akwai tsinken gwaji, kamar na zazzaɓin cizon sauro. An shafa masa sinadaran garkuwar jiki, irin waɗanda jini ke samarwa, kowanne an tanade shi ya cafke dangin magani guda. A tsoma shi a madara, cikin minti goma an sami amsa. Nama sai an fara tatso ruwansa.

A kula da karatunsa, don ya saɓa wa na asibiti. A yawancinsu, layi biyu masu ƙarfi na nufin madara lafiya lau. Idan layin gwajin ya dushe ko ya ɓace, to akwai magani. Tsinken fenisilin kuma ba ya ganin teramaisin, sai wanda aka haɗa wa duka biyun. In aka yi gardama, ɗakin bincike ke raba ta.

Kamfanonin madara na gwadawa kafin su karɓa, kuma jarka ɗaya kan jawo a ƙi tanki guda. Tafasawa ba ta kawar da maganin duka, mai ci kuma ana iya wayar gari magani ya daina yi masa aiki.

Roƙon kwamiti shi ne duk dabbar da aka yi wa allura a sa mata alama, a rubuta ranar a takardar lodi, mai saye kuma ya tambaya tun kafin a yi sallama.