Ƙwai Huɗu a Cikin Ciyawa



Jawabina na yau a kan wani tsuntsun bakin ruwa ne mai dogon baki da dogayen ƙafafu, wanda mutanen ƙasar Holan ke kira grutto. Lokacin bazararsu yakan yi sheƙa a ƙasa, cikin makiyayar shanu, ya zuba ƙwai huɗu, ya kwanta a kansu kwana 22 zuwa 24. Da an ƙyanƙyashe, 'ya'yan ke fita kiwon ƙwari da kansu. Kafin sanyi ya shigo sai su yiwo ƙaura zuwa gonakin shinkafa na Sanagal da Gini Bisau.

Wajen 1970 akwai kimanin aure 120,000 na tsuntsun nan a Holan, watau mace da namiji. A 2015 abin da ya rage bai wuce 33,000 ba. To, me ya cinye su?

Wata ɗaliba mai suna Roos Kentie, ta Jami'ar Groningen, ta bi sawun amsar a lardin Friesland. Ita da abokan aikinta sun yi shekaru suna neman sheƙuna, suna sa wa 'yan tsaki zobba masu launi a ƙafa, sa'an nan su ƙidaya waɗanda suka komo da rai. Binciken, wanda ya ba ta digirin dakta a 2015, ya nuna cewa 'yan tsakin da suka tashi a makiyaya mai damshi da ciyayi iri-iri sun fi rayuwa nesa ba kusa ba. Inda kuwa aka zurare ruwa, aka shuka ciyawa iri ɗaya, aka yanke ta da inji tun da wuri, 'yan tsakin ba su samun isasshen abinci ko maɓoya.

Mu ma muna da hannu a cikin lamarin. Danginsa masu hayayyafa a gabashin Turai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi, kuma ambaliyar fadamun nan ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992.

Jama'a, da yawanku gobe ku ne ma'aikatan gona da na ruwa. Duk ranar da takardar gina madatsa ta iso teburinku, ku nemi ƙidayar abin da ke rayuwa a fadamar kafin ku sa hannu. In babu, ku tura ɗalibai su yi ta.