Minshari Da Ɗaukewar Numfashi: Matsayin Mariƙin Muƙamuƙi A Bodinga Da Shagari



Bahaushe bai taɓa ɗaukar minshari a matsayin cuta ba. Abin ba'a ne tsakanin abokan wasa, abin ƙorafi ne ga matan aure, wani lokaci ma akan ɗauke shi shaidar cewa mutum ya ci ya ƙoshi, barci ya yi masa daɗi. Amma akwai wani irin minshari wanda ba na daɗi ba ne, watau wanda mai yinsa zai yi ta ja, sai a ji tsit, numfashi ya ɗauke, can kuma ya zabura da shaƙuwa kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Dalili kuwa shi ne, in barci ya yi nauyi tsokar maƙogwaro takan saki, gindin harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Likitoci sukan ƙidaya kowace ɗaukewa da ta kai daƙiƙa 10. Daga 5 zuwa 15 a sa'a guda ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa ya tsananta. Mai wannan hali yakan wayi gari da ciwon kai da gajiya, ya wuni yana gyangyaɗi, kuma a kwana a tashi yana iya gamuwa da hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki. Kada a ɗora wa beli laifin duka: wanda wanzami ya cire wa beli tun yana jinjiri ma yana iya kamuwa, musamman in ƙiba ta zo.

Duk wanda ya san hanyar da ta fita daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega ya san irin manyan motocin da ke binta dare da rana. Ma'aikacin da ya yi gyangyaɗi a ofis, iyakarta a yi masa dariya ko a rubuta masa takardar gargaɗi. Direban da ya yi gyangyaɗi a kan wannan hanya kuwa, rayuka ne a hannunsa. Goron da ya ke ci ya kore barcin sa'a guda, amma bai buɗe maƙogwaron da zai toshe in dare ya yi ba.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne na'urar hura iska da ake kira CPAP, wadda likita Colin Sullivan na Sidni, a Ostareliya, ya bayyana aikinta a 1981. Tana tura iska ta hanci don kada hanyar ta rufe. Sai dai tana bukatar lantarki tun daga kwanciya har asuba, ga kuma tsada. Magidanci a Shagari, wanda wuta ke zuwar masa yau ta ɗauke gobe, kuma in bazara ta yi a tsakar gida ya ke shimfiɗa tabarma, da wuya ya dogara da ita.

A nan ne likitan haƙori ya ke shigowa. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun 1902 Pierre Robin na Faransa ya ƙera abin da ke tura muƙamuƙin yara gaba. Na manya na yau, wanda ya dace a kira shi mariƙin muƙamuƙi, roba ce mai ƙarfi da ake ƙerawa bisa siffar haƙoran mutum, sama da ƙasa. In ya sa ta zai kwanta, sai ta riƙe muƙamuƙinsa na ƙasa ta tura shi gaba da 'yan milimitoci. Da ya ke harshe a jikin muƙamuƙin ya ke, shi ma sai ya biyo, hanyar iska ta zauna a buɗe. Ba ta bukatar wuta, ba ta ƙara, tana shiga aljihun direba. A 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar a yi amfani da irin wadda aka auna wa mutum, ake kuma iya gyara turinta sannu a hankali, ga wanda ya kasa jure CPAP ko ya fi son wani magani.

Amma fa akwai sharuɗɗa. Ta fi amfani ga mai sauƙin ciwo da matsakaici. Tana bukatar isassun haƙora masu ƙarfi da lafiyayyen dasashi, saboda haka dattijon da ya yi wawulo ba nasa ba ne. A makonnin farko takan kawo yawan miyau da ciwon muƙamuƙi, bayan shekaru kuma tana iya sauya yadda haƙora ke haɗuwa, don haka dole a riƙa komawa wurin likita. Sa'an nan mai sayen ta kasuwa ba tare da awo ba, yana iya kashe ƙarar minsharin alhali numfashin na nan na ɗaukewa.

Mutumin Bodinga ko Shagari ba shi da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai likitocin haƙori da na hanci da maƙogwaro. Mai ciwon kuwa bai san abin da ya ke yi cikin barci ba, matarsa ce ta sani. In kunya ta hana ta faɗa a gaban likita, sai ta ɗauki muryarsa da waya cikin dare a tafi da ita.